Mai Fara Kuka

A ƙungiyar wasan kwaikwayon nan kowa sunansa na fita a takardar sanarwa tare da aikinsa, har da mai jan labule. Inna ma tana ciki, an rubuta ta a matsayin tela mai ɗinka kayan 'yan wasa, kuma ba ƙarya aka yi ba, hannunta ya san allura. Amma aikin da ya sa ba a buɗe labule sai an leƙa an ga ta zauna, ba a rubuta shi. Kuka ne.

Ga yadda abin yake. Ƙungiyar tana da wani tsohon wasa da ta gada, ya girmi duk wanda ke cikinta, shi ne kuma ke cika mata zaure. Labarin wani jarumi ne da aka ba amanar ƙofar gari lokacin da ake tsoron hari. Ya rantse a gaban jama'a ba zai buɗe wa kowa ba sai gari ya waye. Ashe matarsa ta fita bayan gari nemo masa magani. Ta dawo ta yi ta buga ƙofa, ya gane bugunta sarai, ya ƙi buɗewa don kada a ce ya karya rantsuwa. Da safe ba abokan gaba ba alamarsu, sai mayafin matar a gindin ƙofa, namun daji sun yi abin da suka yi. A nan jarumin zai durƙusa ya ɗauki mayafin ya kai hanci, a nan kuma ake so zaure ya narke.

To, ɗan Adam da kunya. Kowa hawayensa na bakin ido, amma kowa na jiran wani ya fara. Shi ya sa ake zaunar da Inna a tsakiyar 'yan kallo, kamar wadda ta sayi tikiti. Kuma ba ihu take yi ba, ihu na 'yan koyo ne. Da farko ta ja hanci a hankali. Sai ta buɗe jaka tana laluben hankici, yadda na kusa za su ji motsin. Sannan ta saki numfashi guda a karye. Kafin ta kai hankicin ido matar da ke gefenta ta ɗauka, layin baya ya amsa, har ka ga ƙaton mutum mai gemu yana kallon silin yana haɗiyar yawu.

Tun tana amarya take wannan aiki, domin mijinta ne ke fitowa a jarumin. A gari an ma manta da sunansa, Mai Ƙofa ake ce masa. Allah ya ba shi murya, ya ba shi faɗin kafaɗa, ya kuma ba shi wata irin fuska da in ya sassauta ta sai ka ji kamar kai ne ka yi masa laifi. Mata kan tare Inna a kasuwa su ce ta dace, wanda zai yi wa matar wasa wannan kuka ina ga matar gida. Sai ta yi murmushi ta ci gaba da cinikinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, wannan kam ba za ta yi masa ƙazafi yana kabari ba. Abinsa kulle ne. Magana kaɗan ta ɓata masa rai, sai ya shige ɗaki ya murɗa makulli, ya bar ta a baranda da faranti a hannu tana ƙwanƙwasawa. Wani lokaci wuni, wani lokaci a kwana a wuni. In ya ga dama ya buɗe, sai ta same shi a bakin gado, kai a karkace, hannu ɗaya dafe da goshi, ɗayan a sake kan gwiwa, irin zaman da yake yi a ƙarshen wasa sak. Ya ce shi mugu ne, bai cancance ta ba, gara ma ya mutu ta huta. Ita da aka yi wa laifi ita za ta koma lallashi, tana haba, ya daina faɗin haka.

Ranar da aka aiko cewa mahaifiyarta na kwance rai a hannun Allah, akwai wasa da yamma. Ya ce in ta tafi wa zai fara, ta bari gobe mana. Ta zauna a kujerarta ta yi kuka, da ya sauko daga dandamali ya ce mata yau kam ta ƙure gwaninta. Washegari tana haɗa kaya labarin rasuwar ya iso. Masu gaisuwa da suka zo, shi suka tarar a falo cikin zaman nan nasa, yana zubar da hawaye yana cewa shi ya hana ta, shi ya hana ta. Suka kewaye shi suna ba shi baki. Wata gwaggonsa ta ja Inna gefe ta ce ta lallashe shi, ta ga yadda abin ya taɓa shi, miji irin wannan sai an tona. Inna ta shiga kicin ta ɗora musu ruwan shayi.

Bara ya rasu. Gari ya yi kuka ba tare da wani ya fara masa ba. Inna ta nemi hawaye a idonta ta rasa, mata suka ce firgita ce, zai zo daga baya. Bai zo ba.

Ɗanta na ƙarshe, wanda kowa ke kira Auta, shi ke kula da fitilun ƙungiyar. Kullum yana saman tsani yana fito, aljihu cike da guntayen waya, ba ruwansa da dandamali sai dai ya haska shi. Daraktan ƙungiyar ne ya sauko da shi daga tsanin. Ya ce kyan ɗa ya gaji ubansa, muryar tana nan a maƙogwaronsa, ɓarna ce a bar ta tana yi wa ƙwan fitila fito. Inna ta ce yaron bai iya ba. Darakta ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Aka kawo mata doguwar rigar marigayi ta gyara. Ɗakin ɗinkinta na bayan dandamali, katako ne kawai ya raba su, taga ɗaya ce, sai keken ɗinki da kwandunan tsofaffin kaya. Ta sa wa Auta rigar, ta cika baki da allurai, ta zagaya shi tana neman inda za ta rage. Kafaɗa ta zauna. Hannu ya tsaya daidai wuyan hannu. Ta durƙusa ta duba kalmasa, ita ma ba abin taɓawa. Ta tofar da alluran a tafin hannunta ta ce ya cire, sai wanki kawai. An wanke, an kuma wankewa, amma in guga ta bi ta kan wuyan rigar ƙanshin man gashin mutumin nan ne ke tasowa.

Da aka fara gwaji, wata rana da hantsi tana taka keke, sai ta ji muryar daga bayan katako. Ba ta ce muryar ta yi kama ba, ita ce. Da ɗan tsayawar nan kafin kalmar ƙarshe, da yadda take faɗowa ƙasa kamar an sassauta igiya. Inna ta san matacce ba ya dawowa, ita ta ga fitar gawarsa da idonta. Duk da haka ƙafarta ta tsaya a kan keken. Da ta duba, sai ta ga hannunta ya riga ya shiga jaka yana neman hankici. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske.

A gidan haya suke, a saman bene, ita da Auta da matarsa. Matar malamar firamare ce, Malama suke ce mata, irin yaran nan da tun daga ƙasan bene ake jin dariyarsu. Takan dawo da alli a hannun riga, ta zube a gaban Inna tana kwaikwayon yaran ajinta har Inna ta riƙe ciki. Inna na son ta, so na tsakani da Allah, har maƙwabta na tsokanar ta wai ta ɓata wa surukai suna.

Wata Asabar da rana Inna ta dawo daga kasuwa, tana tsakiyar hawa bene ta ji ƙwanƙwasa ƙofa. A hankali ake yi, da gaɓar yatsa, a buga a saurara, a sake bugawa. Ta tsaya da kwando a hannu ta kasa ɗaga ƙafa, domin ta san wannan bugun, shekaru ta yi tana yin sa. Da ta ƙarasa sai ga Malama a baranda, faranti a hannun hagu, kunne a jikin ƙofa. Wai Auta yana maimaita maganganunsa na wasa a gaban madubi ne harshensa ya harɗe, ita kuma ta yi dariya.

Sai da rana ta yi sanyi ya buɗe. Inna ta hango ta tsakanin ƙofa: bakin gado, kai a karkace, hannu dafe da goshi. Ashe duk shekarun da yaron ke zaune a baranda yana haɗa motar waya, ba motar kaɗai yake kallo ba. Can Malama ta fito idonta ja, ta ce da Inna cikin raɗa kada ta yi masa faɗa, ya ce bai cancance ta ba, wallahi tausayi ya ba ta.

Ba a daɗe ba aka zaɓi Malama ta je kwas wani gari, abin da ta jima tana fata. Kwas ɗin ya faɗo daidai makon buɗe wasa. Aka kulle ƙofa, aka buɗe ƙofa, Malama ta je ta ce wa shugabar makaranta a ba wata malamar. Dariyar ƙasan bene ta ragu. Yanzu in ta dawo sai ta fara duban ƙofar ɗakinsu kafin ta gai da Inna.

Inna ta gwada yi mata magana, Malama ta sunkuyar da kai ta ce ai nauyin wasan ne, in ya wuce zai dawo daidai. Ta gwada Auta. Ta same shi a falo ta ce ya daina kulle wa 'yar mutane ƙofa, ba a gidansu ta rasa wurin zama ba. Bai musa ba. Ya zauna a hankali, kansa ya fara karkacewa.

"Inna, na san ban kyauta ba. Ni kaina na tsani kaina."

"Ɗago kanka. Da ni kake magana, ba da zaure ba."

Ya ɗago yana mamaki, kuma mamakin na gaskiya ne, bai ma san yana yi ba. Wannan ya fi komai tayar mata da hankali.

Sai ta nufi Darakta. Shi mutum ne da in ka tambaye shi lokaci sai ya ba ka tarihin agogo. Ta ce masa ta tsufa, ta ajiye kuka, a nemi wata ko a bari. Ya cire tabarau ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ya shiga yi mata bayani, kamar ba ita ta ga fitowar furfurarsa ba, cewa tun zamanin da masana suka ce irin wannan wasa don tausayi aka yi shi. Jarumin ba mugu ba ne, ba kuma waliyyi ba ne, mutum ne babba da hali guda ya kayar. Mai kallo zai ga kansa a jikinsa, ya ji tsoro, ya ji tausayi, ya yi kuka, ya fita zuciyarsa a wanke.

"To matar fa?" in ji Inna.

"Wace mata?"

"Wadda aka bari a waje."

Darakta ya yi dariya ya ce ai matar ba ta fitowa, ba ta da ko kalma ɗaya, mai jan labule ne ke buga katako da guduma a madadinta. Ba a tausayin wanda ba a gani ba. Sannan ya sassauta murya ya ce ta dubi Allah, yaron sabo ne, in zaure ya yi masa shiru ranar farko zai iya karyewa har abada.

A hanyar gida maganar ta yi ta yi mata yawo a kai. Zai iya karyewa. To, wani abin ai karyewarsa ita ce gyara. Ta tuna mijinta, ta ga tunda yake bai taɓa durƙusawa aka ƙyale shi a durƙushe ba, ko a zaure ko a gida, kuma ita ce kullum ke fara ɗaga shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ta yanke za ta zauna a kujerarta, amma ba za ta fara ba. Bari yaron ya durƙusa sau ɗaya ya ji ba wanda ya tausaya masa, ko ya gane durƙuso ba ya goge laifi. Ta san za ta kunyata ɗanta a gaban gari, kuma abin na yi mata zafi. Amma ta fi tsoron ranar da Malama za ta nemi hawaye a idonta ta rasa.

Ranar buɗewa da yamma zaure ya cika har da na tsaye. An rufe tagogi da baƙin yadin da Inna ta ɗinka, fankoki na juya iska mai ɗumi. Malama ta raka ta har kujerarta, ta gyara mata jaka a cinya, sannan ta koma can baya wajen abokan aikinta.

Labule ya buɗe, marigayi ya fito. Haka Inna ta gani, haka kuma zaure ya gani, don sai da tsofaffin 'yan kallo suka yi salati ƙasa-ƙasa. Ya yi rantsuwarsa hannu a sama. Aka rage fitila, guduma ta fara bugun katako daga baya. Inna ta ji wannan bugu sau ba adadi, amma yau ne ta saurare shi. Mai jan labule na yi ne yana kallon wani wuri, bugun ba daɗi ba tsari, kuma kaf zauren nan ba wanda ya juya wajen ƙofar, kowa fuskar jarumi yake kallo ya ga yadda abin ke cin sa.

Aka ƙara haske, gari ya waye. Ya buɗe ƙofa, ya ga mayafin, ya durƙusa, ya kai shi hanci.

Inna ta danne jakarta da hannu biyu.

Zaure ya yi tsit yana jira, bai san abin da yake jira ba. Fanka na juyawa. Wani ya yi tari. Kujera ta yi ƙara. Matar da ke gefen Inna ta riga ta matse bakin mayafinta a hannu, ta dubi hagu ta dubi dama, ta sake shi. Can baya wani matashi ya yi 'yar dariya, aka yi masa tsaki.

Auta ya ɗago ido ta saman mayafin yana neman kujerar Inna, ya same ta. A nan marigayi ya fita daga fuskarsa, sai yaronta kawai, da idon da yake mata in ya ɓace mata a kasuwa. Hancinta ya fara ja da kansa, ta cije leɓe har ta ji ɗanɗanon jini. Ta dube shi ido cikin ido, ba ta motsa ba. Kan da ya soma karkacewa ya miƙe. Ya sauke mayafin daga fuskarsa ya dube shi kamar yanzu ya san na mutum ne, sannan ya juya wa zaure baya, abin da ubansa bai taɓa yi ba, ya dubi ƙofar da ya ƙi buɗewa. Kaɗan ya rage, a ƙara masa shirun kaɗan.

Sai ta ji an ja hanci a bayanta, a hankali.

Ta ji an zuge jaka, ana lalube. Sannan numfashi guda, a karye. Ba sai ta waiga ba, ta san muryar da ke dariya a ƙasan bene. Matar gefenta ta ɗauka, layin gaba ya amsa, kafin ka ce me zaure ya rushe. Auta ya juyo daga ƙofar. Kansa ya karkace, hannu ya tafi goshi, ɗayan ya saki kan gwiwa. Da labule ya rufe, tafi kamar rufin zai ɗaga.

A bakin ɗakin ɗinki Darakta ya tare Inna yana share tabarau. Ya ce wannan jinkiri da ta yi hikima ce, shirun ne ya dafa kukan, kuma ashe tana horar da magajiya a ɓoye ba ta faɗa ba. Bai jira amsa ba ya wuce karɓar gaisuwa.

Malama ta iso da gudu-gudu, fuska a jiƙe, tana murmushi. Ta riƙo hannun Inna.

"Na ga kin makara, Inna, na ga ya rasa yadda zai yi. Ban iya jurewa ba." Ta rage murya. "Na yi daidai?"

Inna ta dube ta, ta sa bakin mayafinta ta goge mata kumatu. Ta so ta ce mata abubuwa da yawa, amma tambaya ɗaya aka yi mata, kuma ita ba ta saba ƙarya a kan aiki ba.

"Ko ni ban fi haka ba."

Auta ya fito jama'a na biye da shi suna dafa masa kafaɗa. Bai dubi uwarsa ba. Ya tuɓe rigar ya miƙa wa matarsa ba tare da ya juyo ba, ta karɓa da hannu biyu ta ninke ta a kan damtsenta, ta bi bayansa.

Inna ta zauna a kan kwandon tsofaffin kaya a bakin ƙofa. Hawayen da ta nema bara ta rasa suka zo mata a lokacin, ba jan hanci, ba laluben hankici, kuka mai sauti mara kyan gani. Mutane na ta wucewa ta gabanta suna hirar yadda jarumin ya ba su tausayi. Wasu suka dube ta suka yi murmushi, suka ce kukan daɗi ne, uwa ce ta ga ɗanta ya gaji ubansa. Ba wanda ya taya ta.